Baba Bawul da Kwantenar da Ya Hana Fita

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma, da wanda ya cika a kan gadonsa da wanda aka kwantar da bututun ƙarfe a tsakiyar sito. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran babban jami'in duba kaya na sashenmu a hukumar kwastan, dattijon da duk wanda ya taɓa shigo da ko kan famfo ɗaya ta tasharmu ya sani da Baba Bawul. Ya rasu a asibiti da hantsi, sakamakon dukan da wasu ƙatti suka yi masa da rana tsaka a wurin aikinsa, a kan kwantena guda da ya ce ba za ta fita ba.

Baba, takardar da ofis ya liƙa a allon sanarwa cewa ta yi ka rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Gajeriyar rashin lafiya! Baba, ni na riƙe kanka a bayan mota, jininka ne ya jiƙa mini siket har ya bushe ya yi tauri. Na ga haƙarƙarinka yana motsi a inda bai kamata ya motsa ba. Wanda ya buga wannan takarda ya san haka, wanda ya sa mata hannu ma ya sani. Na yage ta a gaban kowa, kuma in sun liƙa wata zan sake yagewa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, don kada a binne ka a binne gaskiyar abin da ya kashe ka.

Ni ce wadda kake kira Barkono, wadda teburinta ke manne da naka a sashen kayan masana'antu. Ranar da aka turo ni wurinka na zo da littafin rukunin kaya a hammata, ina ji da kaina. Ka karɓa ka shafa bangonsa ka ce madalla, za mu buɗe shi, amma sai an fara hurawa. Ka jera ƙarafa uku a gabana, ka ce in sa baki in hura kowanne ta gaba da ta baya. Na farko iska ta wuce ta kowane ɓangare. Na biyu ta wuce ta gaba, ta baya ta ƙi. Na uku na hura har idona ya yi ja, ko gezau. Na ɗago kai leɓena baƙi ƙirin da giris, ofis ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce ba a ɗauke ni aiki don in riƙa busa ƙarfe ba. Ka miƙo mini hankici kana dariya, ka ce wa sauran: "Jama'a, yau barkono aka kawo mana."

Da waɗannan ƙarafa uku ka koya mini aikin gaba ɗaya. Na farkon mahaɗin bututu ne. Gwiwa, soket, mai baki uku, duk ba su da abin da ke motsi a cikinsu, saboda haka rukuninsu yana bin abin da aka ƙera su da shi, na baƙin ƙarfe daban, na tagulla daban, na roba daban. Da zarar an samu wani abu a ciki da ke buɗewa ya rufe, to kayan ya bar gidan mahaɗai ya koma gidan bawul, komai kamanninsa da gwiwa. Gidan bawul ɗin ma ɗaki-ɗaki ne. Akwai mai rage ƙarfin matsi, akwai mai hana ruwa komawa baya, wanda shi ne na biyun da na hura, akwai famfuna na yau da kullum. Na ukun kuwa shi ne bawul na tsaro, wanda ake ɗaura wa tukunyar tururi a masana'anta. Yana zaune a rufe, sifirin na danne da shi, sai tururi ya yi yawa ya buɗe da kansa ya saki, don kada tukunyar ta fashe. Wannan, a ƙa'idar da muke aiki da ita, ba ya wucewa sai da shaidar gwaji daga kamfanin da ya ƙera shi, lambar da ke jikinsa ta dace da ta shaidar, sannan a ɗebi samfuri a kai gidan gwaji a matsa a gani. Tsoho kuwa ba a shigo da shi da sunan sabo.

Na daɗe ina mamakin yadda mutum mai sauƙin kai irinka yake zama wani iri da an zo kan bawul na tsaro. Kai da ajan, wato wakilin mai kaya, zai zo da kuskuren lamba ka zaunar da shi ka gyara masa har ka ba shi shayi, amma da ka ga an ɓoye wannan ƙarfe ɗaya a cikin kaya sai fuskarka ta canza. Sau ɗaya tak ka ba ni labarin, ranar da na ga hannunka na hagu kana alwala, fatar a tattare tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Ka ce kafin kwastan injiniya ne kai a wata masaƙa. Tukunyar tururinsu ta fashe saboda bawul ɗin da ke kanta ya ƙi buɗewa. Rufin ɗakin ya tashi sama. Ka shiga cikin farin tururi kana laluben abokin aikinka, ka same shi da rai, ka kama hannunsa ka ja, sai fatar hannun ta zare ta biyo ka, shi yana kwance yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ka sauke hannun rigarka ka ɓalle maɓalli, ka ce mu je, akwai kaya na jira. Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutum ne mai ɗaure fuska. Wallahi ban taɓa aiki da mai barkwanci irinsa ba. Baba, ka tuna gwauruwar nan mai shagon kayan famfo, wadda ajan ɗinta ya rubuta ƙananan famfunan banɗaki a rukunin kayan matsi, aka riƙe mata kaya ana nemanta da shaidar da ba ta shafe ta ba? Ta zo tana kuka da mayafi a baki. Ka sa aka buɗe kwali, ka ɗauko famfo ɗaya ka ce mata: "Hajiya, wannan ko buta ba zai fasa ba, share hawayenki." Ka bi ofis-ofis da ƙafarka har aka gyara, kayanta suka fita kafin a tashi. Da ta dawo da kyauta ka ce ta kai wa yaranta, ka ƙara da cewa in dai tana son yi maka alheri ta sauya ajan.

Lokacin da mijina ya kwanta jinya, kai ka ɗauke mini aikina ba tare da na roƙa ba. Ka riƙa zuwa asibiti bayan an tashi, ka zauna kana ba shi labarin ƙarya na yadda na addabi ofis har ya yi dariya ɗinkinsa ya yi zafi. Ranar da na wurgi wani ajan da abin huda takarda saboda ya kira ni da sunan banza, kai ka shiga wurin shugaban tasha ka ce laifinka ne da ka ajiye abu mai nauyi kusa da hannun Barkono. Da ka fito ka ja kunnena a keɓe, ka yi mini faɗan da ko mahaifina bai taɓa yi mini ba. Leburorin sito ma sun san aljihunka, sun kuma san bakinka in suka jefar da akwatin kayan mutane.

Kwantenar nan ta iso a ƙarshen watan jiya, kuma ni aka ba dubanta. An bayyana ta a matsayin mahaɗan bututu na baƙin ƙarfe, kayan da ke wucewa ba wata doguwar tambaya. Mai kayan ban taɓa ganinsa ba har yau. Ajan ɗinsa ne ya zo, wani dogo mai baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a cikin inuwa. Aka fasa hatimi aka buɗe. Layin gaba gwiwoyi ne da soket na gaskiya, na biyu ma haka. Ajan ɗin ya ce ai na gani, haka suke har ƙarshe, in rufa masa asiri rana na yi. Abin da ya tsayar da ni warin sabon fenti ne da ke fitowa daga can ciki, alhali mahaɗan da ke gabana ba fenti a jikinsu. Na ce a sauke duka.

A bayan gwiwoyin nan akwatunan katako ne cike da bawul na tsaro, manya-manya, shuɗi shar suna ƙyalli. Na ɗauko ƙusa kamar yadda ka koya mini na karce fentin. Tsatsa ce a ƙasa. A gefen da ya kamata lambar asali ta kasance, an goge ta da injin gogewa, an buga sabon faranti a kai mai cewa ƙarfen zai ɗauki matsin da ko yana sabo da wuya ya ɗauka. Na ja hannun da ake ɗagawa don a gwada buɗewarsa, ya ƙi motsi. Na ja na biyu, na uku, duk a daskare. Tsofaffi ne da aka kwance daga wasu masana'antu da suka mutu, aka yi musu wanka aka turo mana.

Akwai wata al'adar aiki a sitonmu da ta girme ni. Jami'in da ya tsayar da kaya yakan ɗauki alli ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙofar kwantenar. Da haka kowa ya san kada ya taɓa, mai kaya kuma ya san wanda zai nema. Na ɗauki alli na rubuta nawa. Mai tabarau ya matso ya karanta sunan a hankali, kamar mai hadda. Sai ya yi murmushi ya ce: "Hajiya, yaya yara? Har yanzu ke kike sauke su a makaranta da safe?"

Ban san kana bayana ba. Ka wuce ni, ka sa hannun rigarka ka goge sunana tas, ka rubuta naka da manyan baƙaƙe. Ka juya ka ce masa daga yau kai zai nema. Baba, ranar na yi maka rashin kunya, na ce aikina ne, ni na gano, don me za ka maishe ni ƙaramar yarinya a gaban ɗan iska. Ka bar ni na gama, sannan ka ce: "Ke kika gano, ba mai ƙwace miki wannan. Amma ƙofa tawa ce. Nawa yaran sun girma." Sai a zaman makokinka na ji daga bakin tsofaffin ma'aikata cewa ba ni ce ta farko ba. Duk kayan da ka hango masu su miyagu ne, haka kake goge sunan na ƙasa da kai ka sa naka, shekara da shekaru.

Tare muka kai samfuri gidan gwaji. Mai gwajin ya ɗaura na farko a kan injin, ya cika shi da ruwa ya fara matsawa, muna tsaye a bayan shinge. Allurar agogo ta wuce inda ya kamata ya buɗe, bai buɗe ba. Ta ci gaba da hawa. Ka buɗe baki ka ce a tsaya, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin kunne. Murfin ƙarfen ya tsage ya tashi, ya huda ragar shingen, ya zabge wa mai gwajin goshi, ya je ya nutse a cikin bulon bango. Mutumin ya faɗi zaune jini na rufe masa ido. Ka cire hularka ka danne masa ciwon da ita, ka ce mini in duba da kyau, wannan ruwan sanyi ne kawai, in ƙiyasta in tururi ne kuma mutum ashirin na aiki a ɗakin.

Daga nan ka rubuta cewa a ƙwace kayan a lalata su. Sai waya ta fara ƙara. Shugaban tasha ya kira ka ya ce manya sun sa baki, a yi sulhu, a sauya musu rukuni zuwa tsofaffin ƙarafa na narkarwa su fita kowa ya huta. Ka ce ka yarda, da sharaɗi ɗaya: a kawo mai walda ya raba kowane bawul gida biyu da wuta a gabanka, sannan su fita da sunan ƙarafa. Ka san, kamar yadda kowa ya sani, cewa in suka wuce ƙofa da fentinsu ba narka su za a yi ba, kasuwa za su shiga. Mai tabarau ya ƙi sharaɗin, wanda ya nuna abin da suke nufi da kayan.

Aka farfashe maka tayoyin mota a harabar ofis, ka koma hawa bas. Aka jefa bulo ta tagar ɗakin matarka Hajiya ya watsa gilasai har kan gado, ka sa aka buga katako a wurin. Wani ya tare autarka a bakin titi ya murɗe mata hannu ya ce ta gaida babanta. Wannan kam ya girgiza ka, na gani a idonka, ka tura ta wurin yayarta. Na roƙe ka ka nemi a sauya maka tasha ko ka ɗauki hutu. Ka ce in ka tafi hutu wa zai zauna a kujerar, ba ni ba ce? Ka ce in daina yi maka kallon gawa, in kawo shayi.

Ranar da abin ya faru an idar da sallar azahar ke nan, sito ba kowa sai ni da kai da direban motar ɗaga kaya can a ƙarshe. Mutum huɗu suka shigo sanye da rigunan leburori. Ba wanda ya tsayar da su a ƙofa, kuma har yau ba a gaya mana dalili ba. Kai tsaye suka nufi kwantenar, babbansu ya nuna rubutun allin ya ce wane ne mai wannan sunan. Kafin in buɗe baki ka tura ni cikin kejin ragar da muke ajiye kayan aiki, ka ja ƙofar ka danna kwaɗo. Ka juya ka gyara hularka ka ce: "Ni ne. Me ya faru?"

Daga cikin kayan da aka sauke suka zaro guntattakin bututu. Na farko ya sauke maka a hannun hagu, wannan hannun da wuta ta riga ta ci, na ji ƙashin ya karye daga inda nake. Na biyu ya doki gwiwarka ka durƙusa. Suka zagaye ka suna ɗagawa suna saukewa, a baya, a haƙarƙari, a ƙugu, ba gaggawa, kamar masu aikin da aka biya su su gama. Ina jijjiga raga ina ihu har yatsuna suka tsage, ina cewa ni ce, ni na tsayar da kayan, ni za ku kama. Ka ɗago kai bakinka cike da jini ka daka mini tsawa, ka ce musu ƙarya take yi, mahaukaciya ce, ku duba ƙofa. Babbansu ya taka hannunka na dama da takalmi ya murje yatsun a kan siminti, ya ce gobe ka sa hannu da haƙori. Sannan ya ɗauki gwiwar ƙarfe mai nauyi ya buga maka a ƙeya.

Direban motar ɗaga kaya, Allah Ya saka masa, shi ya taso da motar a guje yana danna oda, ƙahonnin ƙarfen a gaba. Ya ture ɗaya daga cikinsu ya haɗa shi da tulin akwatuna, sauran suka ja shi suka fice ta ƙofar da suka shigo. Direban ya fasa kwaɗon da sifana na fito. Tabarau ɗinka na karatu ya ruguje a cikin jinin, takalminka ɗaya na can gefe. A mota ina kuka ina tsine musu, ka buɗe ido ka ce: "Barkono, kin cika mini kunne. An rufe kwantenar?" Na ce an rufe. Ka lumshe ido. Maganarka ta ƙarshe ke nan da wani ya ji, domin ba ka ƙara farfaɗowa ba har Allah Ya yi ikonsa.

An yi jana'izarka a ranar da ka cika. Ban taɓa ganin tasharmu ta watse haka ba. Jami'ai, leburori, direbobi, masu shayi na bakin ƙofa, har ajan-ajan ɗin da kuka sha faɗa, duk sun bi gawarka. Mu mata muna gida wurin Hajiya. Shugaban tasha da kansa ya ba da motoci ya ce kowa ya je, a rufe sashen don girmama ka. Wallahi a lokacin har na ji ya burge ni.

Washegari na shiga sito na tarar da wurin fayau. Babu kwantena. Sai sawun tayoyi da siminti da aka wanke da omo. Na tambayi mai ƙofa, ya sunkuyar da kai ya ce umarni ya zo daga sama, ta fita a matsayin mahaɗan bututu kamar yadda aka bayyana ta tun farko. Na ce yaushe. Ya ce lokacin da ake sallar gawa. Suna jera sahu a kanka, motar na fita da kayan. Na haura ofishin shugaban ban yi sallama ba, na faɗa masa abin da ba zan maimaita a nan ba, na kife masa tebur da duk abin da ke kai. An dakatar da ni daga aiki. Su riƙe aikinsu, ba shi ne ya hana ni barci ba.

Abin da ya fi komai yi mini nauyi shi ne komawa gidanka. Hajiya na zaune a kan tabarma da carbi, idonta ya ƙafe. Da mutane suka ragu ta kira ni kusa, ta riƙe hannuna da ke naɗe da bandeji, ta ce: "'Yata, kayan nan da ya mutu a kansu, suna nan dai ko?" Na so in ce suna nan. Bakina ya ƙi. Na ce mata sun fita, Hajiya. Sai ta saki hannuna ta ce: "To ba kuka za ki zauna yi mini ba. Tashi ki gaya wa mutane."

Ga shi ina faɗa. Ban san kasuwar da aka sauke su ba, ban san masana'antar da za ta saya ba. Duk wanda ke aiki kusa da tukunyar tururi, a masaƙa ko matatar mai ko gidan wanki na asibiti ko ina ne, duk matar da mijinta ke irin wannan aiki, duk injiniyan da aka kawo wa bawul na tsaro mai araha da sabon shuɗin fenti, don girman Allah kada a ɗaura shi sai an karce an duba, an ja hannunsa an ga ya ɗaga, an kai shi an matsa. In mai sayarwa ya ce ba lokaci, a mayar masa da kayansa. Na ga abin da guda ɗaya ya yi wa bango da ruwan sanyi, kuma akwatunan da na gani sun cika fiye da rabin kwantena.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yanka maza da mata, da autarka da ba ta samu ganinka da rai ba, da jikokinka, da ƙannenka, da ma'aikatan sashenmu waɗanda da yawansu suna yawo da ƙafafunsu a yau saboda ka goge sunayensu. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe a kanka, da wanda ya aiko su, da wanda ya buɗe musu ƙofa, da wanda ya sa hannu jama'a na maƙabarta, ban yafe ba, kuma na bar su da Wanda ba a ɓoye maSa kaya a bayan gwiwoyi.

Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa dukan da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka Ya sanyaya shi, Ya mayar maka da hannuwanka biyu lafiyayyu a Aljanna Firdausi. Allah Ya tsare bayanka, Ya raya zuriyarka a kan gaskiya. Mutanen nan kuma da ba ka san sunayensu ba, waɗanda gobe za su tsaya gaban tukunya suna aikin neman abincin iyalansu da ɗaya daga cikin ƙarafan nan a saman kansu, ya Allah Ka tsare su da kanKa, domin wanda yake tsare musu ƙofa mun binne shi ranar Talata. Amin.